KU AUNA KAFIN KU SA HANNU

Karatu: Amos 8:4-7, Luka 16:1-13



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Birnin Gwari ya san yadda uwayenmu mata suke sayen masara. Mace ba ta miƙa kuɗi da jin farashi kawai. Sai ta zagaya rumfa uku ko huɗu ta ji abin da kowa yake faɗi. Sai ta cusa hannu har gindin buhu ta ga ko na ƙasa daidai yake da na sama. Sai ta karɓi mudun ta juya shi ta duba ko an buga gindinsa ya shige ciki. Bayan wannan duka ne za ta taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Babu mai cewa ta ci mutuncin mai hatsi. Kowa ya san kuɗin guminta ne, kuma bakunan yara suna jiranta a gida.

Wannan kasuwa ce Annabi Amos ya shiga a karatunmu na fari. Makiyayi ne daga Tekowa, ya yi annabci wajen shekara 750 kafin haihuwar Ubangijinmu, a zamanin da Isra'ila take cikin wadata. Ya iske 'yan kasuwa sun ƙosa ranar hutu ta wuce su koma ciniki, suna rage mudu, suna ƙara farashi, suna murɗe ma'auni, har sharar alkama suna haɗawa su sayar. Ya ce a idonsu matalauci bai fi kuɗin takalmi ba. Ya kuma gargaɗe su cewa Allah ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba.

A yau ina so mu ɗauki maganar Amos mu kai ta wata kasuwa wadda yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, ko da yake da kuɗinmu ake ciniki a cikinta. Ina nufin teburin da gwamnati take zama da 'yan kwangila. A can ma akwai mai saye, akwai mai sayarwa, akwai mudu. Mudun wurin takarda ce wadda ɗan kwangila yake rubuta buhun siminti nawa aiki zai ci, rodi tan nawa, tifar yashi da ta tsakuwa nawa, kuɗin mota nawa, ladan ma'aikata nawa, ribarsa nawa. Bambancin wannan kasuwa da tamu guda ɗaya ne: mai sayen ba daga aljihunsa yake biya ba. Saboda haka yana da sauƙi ƙwarai ya ƙi juya mudun ya duba gindinsa.

Me ya sa wannan magana ta shafe mu a nan? Ku da kanku kun san abin da ƙasar Birnin Gwari ta sha. Hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta iso nan, ta wuce Tegina ta nufi kudu, tsohuwar hanyar manyan motoci ce zuwa Legas. Shekara da shekaru ramukanta suna tilasta wa direba ya rage gudu daidai inda masu bindiga suke jira a bakin daji. Dajin Kamuku, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ba mu manta da kisan Gwaska na watan Mayu 2018 ba, ko ɗaliban Kuriga da aka kwashe a watan Maris 2024. Makarantu da dama sun rufe, asibitocin ƙauye sun zama kufai. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Duk inda aka yi irin wannan ɓarna, gyara yakan biyo baya, gyara kuwa da kwangila ake yin sa. Azuzuwa, ɗakunan shan magani, kwalbatoci, rijiyoyin burtsatse, kowanne sai an zauna an yi cinikinsa. Idan aka biya kuɗin aji shida a kan aji uku, yaran da suka rasa wurin zama 'ya'yanmu ne, na Kirista da na Musulmi baki ɗaya.

Ƙasarmu ta daɗe tana biyan kuɗin makaranta a kan wannan darasi. Manya a cikinku za su tuna da abin da ya faru a 1975, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa. Hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawansa ta hannun Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan masu su kuɗin jira kowace rana, siminti yana daskarewa a cikinsu. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore, amma kuɗi sun riga sun tafi. Da an sami mutum ɗaya mai iko ya zauna ya tambaya buhu nawa ake bukata, nawa ake sayar da shi a inda ake yin sa, kuma ina za a sauke shi, da ba a kai ga haka ba. Shekara 40 bayan wannan, a 2015, gwamnati ta kafa kwamitin binciken sayen makamai, aka yi zargin cewa kuɗi sama da dala biliyan 2 da aka ware domin tsaro sun bi wata hanya, magana ta kai kotu. Mutumin da ya kwana a daji yana gudun masu bindiga ba ya bukatar a fassara masa ma'anar kuɗin makamai da ba su zama makamai ba.

Ba za mu ce ba a yi ƙoƙarin gyara ba. A 2001 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa ofishin bin ƙa'ida da tantance farashin kwangila, wanda Uwargida Obiageli Ezekwesili ta shugabanta. A watan Yuni 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar sayen kayan gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Dokar ta ce a yi shelar aiki a fili, a bar masu nema su yi takara, a buɗe takardunsu a gaban shaidu, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi sauƙi. Ta ɗora wa hukumar ajiye kundin farashin kayayyaki domin a riƙa gwadawa, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga jami'in da aka kama da maguɗi. A 2011 aka yi dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nemi ganin takardun aiki. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2016, ta kafa tata hukumar. Doka tana nan. Amma doka ba ta da ƙafar zuwa kasuwa, ba ta da hannun ƙirga buhu. Mutum ne zai yi wannan, mutumin kuwa sau da yawa yana zaune a cikinmu ran Lahadi, ko yana sahu a masallaci ran Juma'a.

A nan Bisharar yau take shigowa. Ubangijinmu ya ba da misalin wani wakili da aka kai ƙararsa wurin maigidansa cewa yana ɓarnatar da dukiya. Da ya ga aikinsa zai ƙare, sai ya kira masu bashin maigidan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ake bi garwa 100 ta mai, ya sa shi ya zauna da sauri ya mai da ita 50. Wanda ake bi ma'auni 100 na alkama, ya sa ya mai da shi 80. Ku lura, wakilin nan bai fasa rumbu ba, bai haura katanga da dare ba. Da alƙalami ya yi abin da ya yi, da rana tsaka, tare da yardar wanda ke gefe guda na teburin. Ku kuma lura cewa maigidan bai san halin da dukiyarsa take ciki ba sai da labari ya zo masa daga waje. Yesu bai yabi rashin gaskiyar wakilin ba. Abin da ya nuna mana shi ne 'ya'yan duniya sun fi 'ya'yan haske wayo a sha'aninsu, ya kuma bar mu da kunyar wannan. Mai aringizo yakan kwana yana lissafi. Me zai sa mai gaskiya ya sa hannu cikin minti biyu?

To, mene ne dubawa? Bari in faɗe shi yadda kowa zai gane, domin ba sai mai digiri ba.

Na farko, farashi. Idan takarda ta ce buhun siminti kaza ne, a tura mutum wurin dila a Kaduna ko Funtuwa ya ji da kunnensa, ya karɓo a rubuce. A gwada da abin da aka biya a irin wannan aiki bara. Idan ɗan kwangila ya kawo takardun farashi uku daga kamfanoni uku, a bincika ko kamfanonin suna nan da gaske, suna da shago da adireshi, domin sau da yawa hannu ɗaya ne ya rubuta duka ukun.

Na biyu, yawa. Farashi yana iya zama daidai, a yi cutar a wajen adadi. Injiniya da mai ƙiyasin kayan gini sun san buhu nawa aji ɗaya yake ci. A sa su auna daga zanen ginin, kada a ɗauki lissafin mai neman aiki a matsayin Linjila.

Na uku, inganci. Rodi yana da kauri iri-iri, kwanon rufi ma haka. Wanda ya karɓi kuɗin mai kauri ya kawo marar kauri, shi ne mai sayar da sharar alkama da Amos ya ambata. Gani ya kori ji: a je wurin aiki a duba kafin a biya kowane kaso, musamman bayan an ba da kuɗin kafin alƙalami.

Na huɗu, kuɗin hanya da riba. A nan nake so mu yi adalci ga ɓangare biyu, gama dubawa ba farautar ɗan kwangila ba ce. A shekarun da hanyarmu ta yi muni, direbobi da yawa sun ƙi ɗauko kaya zuwa Birnin Gwari, waɗanda suka yarda kuma sun ƙara kuɗi, magina sun nemi ƙarin lada domin ransu suke sayarwa. Wannan tsada ta gaskiya ce, wajibi ne a biya ta. Haka nan idan gwamnati takan riƙe wa mutum kuɗinsa shekara biyu bayan ya gama aiki, alhali bashin banki ya ci, dole ya sa wannan a lissafi, laifin kuwa na mai jinkirin biya ne. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, ɗan kasuwa ya cancanci riba mai ma'ana. Amma akwai wanda yake fakewa da sunan daji ya ninka farashi sau uku, ya sa kuɗin rakiyar da ba a yi ba, ya ci gaba da karɓar kuɗin hatsari bayan hatsarin ya ragu. Wannan mutum yana cin riba daga jinin waɗanda aka kashe a hanyar. Ta yaya za a raba shi da mai gaskiya in ba a tambayi direbobi a tasha ba, in ba a nemi rasit ba? Dubawa ita ce garkuwar ɗan kwangila mai tsoron Allah, domin in babu ita, kullum maƙaryaci ne zai riƙa kayar da shi.

Na san abin da yake hana mu. Kunya ce da tsoro. Mukan ce, yaya zan tambayi Alhaji rasit, ai zai ce na mai da shi ɓarawo. Yaya zan ƙirga kayan ɗan'uwa a cikin Ekklesiya, ai tare muke karɓar Jikin Ubangiji. Ni ma na faɗa cikin wannan rami, kuma zan faɗa muku domin kada ku ce Fada yana jifa daga inda ba a iya ramawa. A wata Ekklesiya da na yi aiki a shekaruna na fari, mun tara baiko na wata da watanni domin rufin ɗakin sujada na wani ƙauye. Wani mai sayar da kayan gini ya kawo mini takarda, mutum mai fara'a da ladabi, na sa hannu ban tambayi kowa ba, ina ganin wannan shi ne nuna ƙauna. Ran da kaya suka iso, wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ta tsuguna ta kwance bandir ɗaya ta ƙirga. Kowa ya san bandir ɗin kwano falle 20 ne. Ta samu 18. Ta kwance na biyu, haka. Ta dube ni ta ce, “Fada, kuɗin gyaɗata yana cikin wannan kwanon.” Ban sami abin cewa ba. Mai kayan ya yi zunubinsa, amma ni ne na buɗe masa ƙofa, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na yi kyauta da abin da ba nawa ba, na kira shi kirki.

Littafi Mai Tsarki bai san irin wannan kunya ba. Ku karanta Ezra sura 8 a gida. Ezra zai kai dukiyar Haikali daga Babila zuwa Urushalima ta hanya mai 'yan kwanto, irin hanyar da muka sani. Ya yi azumi da addu'a a bakin kogin Ahawa, ya dogara ga Allah har ya ji nauyin roƙon sarki sojojin rakiya. Duk da haka, da ya zaɓi manyan firistoci 12 su riƙe dukiyar, sai ya auna musu ita a hannu, azurfa talanti 650, zinariya talanti 100, da sauran kayayyaki. Da suka isa Urushalima suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sake aunawa a Haikali a gaban shaidu, aka rubuta. Firistoci ne, tsarkaka ne, amma an auna a farko, an auna a ƙarshe, babu wanda ya yi fushi. Manzo Bulus ma, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. Ya sa ikilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi a gaban Allah ko a gaban mutane (2 Korintiyawa 8:18-21). Idan Bulus ya nemi a sa masa ido, wane ne ni, wane ne kai?

Koyarwar Ekklesiya a fili take. Katikism ɗin da Paparoma Yohanna Bulus na II ya fitar a 1992, a lamba 2409, ya lissafta abubuwan da suka saɓa wa doka ta bakwai ko da dokar ƙasa ba ta kama mutum ba. A cikinsu akwai maguɗi a ciniki, cin hanci da ke karkatar da hukuncin jami'i, aikin da aka yi shi sakaka, da takardun kuɗi na jabu. A lamba 2412 kuma ya ce gyaran zalunci yana bukatar a mayar da abin da aka ɗauka. Ba ya isa mutum ya zo wurin ikirari ya faɗi zunubi, ya koma ya kwana a gidan da ya gina da kuɗin asibitin ƙauye. Zakka bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu, a ranar ce kuwa ceto ya shiga gidansa. Bishop-bishop ɗinmu na Nijeriya sun ba mu addu'ar yaƙi da cin hanci da rashawa tun 1998, muna kuwa yin ta a ƙarshen Misa. Kada bakinmu ya riƙa roƙon abin da hannunmu yake rushewa ran Litinin.

Saboda haka ina roƙonku. Kai akawu, kai injiniya, ke ma'ajiya, kai kansila da kake zama a kwamitin ba da kwangila: sa hannunka shaida ce, shaidar zur kuwa zunubi ce ko da ba ka karɓi ko kwabo ba. Idan ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba, ka nemi kwana biyu. Na san wannan yana iya jawo maka canjin wurin aiki ko fushin manya. Ekklesiya ba za ta ce maka abu ne mai sauƙi ba, amma kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai: ka rubuta abin da ka gani, ka ajiye kwafi, ka nemi abokan aiki masu gaskiya, Kirista ko Musulmi, gama Alƙur'ani ma ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu, kuma a wannan magana bakinmu ɗaya da maƙwabtanmu.

Kai ɗan kwangila, ka rubuta tsadarka ta gaskiya, ka sa ribarka a fili, ka buɗe littafinka ga mai tambaya. Idan an ce sai ka ƙara kason wani a kai kafin a ba ka aiki, ka sani kuɗin da za ka ƙara daga bakin maraya za a cire shi.

Ku kuma jama'a, idan aka kafa allon aiki a ƙauyenku, ku karanta shi. Ku tambayi aji nawa aka ce, rijiya mai zurfin nawa, wa aka ba, yaushe zai gama. Ku tafi tare da mai unguwa da limamin gari, cikin ladabi, ba da hayaniya ba. Kwamitin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya na Ekklesiya zai iya taimaka muku rubuta takardar neman bayani. Mu ma a gida za mu fara: kowane aikin Ekklesiya, a nemo farashi daga wuri uku, mutum biyu su ƙirga kaya, a karanta lissafi a gaban jama'a. Wanda ya yi aminci a ƙaramin abu shi ne ake ba babba, haka Ubangiji ya koya mana a Bisharar yau.

Wata rana kowannenmu zai ji kiran da wakilin nan ya ji, a ce ya kawo lissafin riƙon da aka ba shi. A ranar babu wanda zai zauna da sauri ya canja lamba. Bari Allah Uba, wanda ma'auninsa ba ya karkata, ya ba shugabanninmu zuciyar tsoronsa, ya ba ma'aikatanmu ƙarfin hali, ya tabbatar da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari da dazuzzukanta, ya ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu. Uwarmu Maryamu da Yusufu Mai Tsarki, kafinta mai gaskiya, su yi roƙo dominmu.

Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.